Ɗakin sauraron ɗalibai: ta ina ake farawa, kuma wane ne sai an kai shi asibiti?

Malamin Harobanda:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan aiki. A wata makarantar gaba da bak a nan Yamai, hukuma ta ware ɗaki ɗaya don sauraron ɗaliban da damuwa ta yi wa yawa. Abin da ke hannu bai taka kara ya karya ba: ɗakin, sikolog ɗaya, wato masaniyar halayyar ɗan Adam, da za ta riƙa zuwa kwana biyu a sati, majo na ɗakin shan magani, sai ɗalibai shida da suka ce za su taimaka don Allah. Kuɗi kam babu na a zo a gani.

Irin waɗanda ake gani: mai cewa da ya buɗe takarda sai kansa ya ɗau zafi, ya karanta shafi sau uku bai riƙe komai ba, mai yin kwana biyu ko uku ba barci lokacin jarrabawa, wadda ta daina zuwa amfi, wato zauren darasi, ta kulle kanta a ɗaki, da masu haɗa tramol da Nescafé don su raba dare.

Me ake yi a zaman farko? Ta yaya ake bambance wanda magana za ta ishe shi da wanda sai likita? Su kuma ɗaliban nan shida, ina iyakarsu?

Sikolog a Yamai:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri. Kafin zaman farko ku fara duba ƙofar, don a nan yawancin irin wannan ɗaki ke mutuwa. In yana jikin ofishin darakta ko kusa da inda ake rajista, ba mai shiga. In aka kafa allo mai kalmar "taɓin hankali", nan ma an gama. Ku sa shi kusa da ɗakin shan magani, yadda mai shiga zai iya cewa ciwon kai ya kawo shi. A ciki kujeru biyu iri ɗaya, a ɗan karkace, ba tebur a tsakani, labule a taga, ruwan sha, agogo a bangon da ke bayan ɗalibi, don mai sauraro ya ga lokaci ba tare da duban hannu ba. Ku gwada ƙofar: mutum biyu su yi magana a ciki, na uku ya tsaya waje. In ya ji, a sa fanka mai ƙara a bakin ƙofa ko a matsar da bencin jira. Rajista ba a rubuta suna, lamba ake ba kowa. Takardar da ta haɗa lamba da suna tana cikin kabad mai makulli, makullin a hannun mutum ɗaya.

Zaman farko minti 45 ne zuwa 50. Minti biyar na farko na maganar sirri ne da iyakarsa, kuma a faɗa a fili: "Abin da ka gaya mini ba zai kai ga malamanka ba, ba zai kai gida ba. Sai fa in na ga ranka ko na wani yana cikin haɗari. A nan zan nemi taimako, kuma kai zan fara sanarwa." Wanda ya tsallake wannan jimla don kada ya tsorata ɗalibi, ranar da dole ta sa ya kira wani, ya zama maci amana a idon makarantar duka.

Daga nan a bar shi ya yi magana kamar minti goma sha biyar ba a katse shi ba. Ɗalibanmu da wuya su ce "ina cikin baƙin ciki". Da jiki suke zuwa: kai ya yi nauyi, ido yana yaji, abu na yawo a ƙeya, ƙirji ya cushe. Wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1960 likita Raymond Prince ya bayyana irin wannan koke a wurin ɗaliban Nijeriya. Kada a ce masa "lafiyarka lau, tunani ne kawai". A karɓi koken yadda ya kawo shi, sannan a bi da tambayoyi masu amsa a ƙirge. "Kana barci?" amsarsa "Alhamdu lillahi" ce. A ce: jiya ƙarfe nawa ka kwanta, ƙarfe nawa barci ya ɗauke ka, sau nawa ka farka? Sau nawa ka ci abinci? Yaushe rabonka da amfi? Me kake sha don karatu, ƙwaya nawa, kofi nawa? In abu ya same ka da dare, wa za ka kira?

Sai ma'auni. PHQ-9, ma'aunin ciwon damuwa, tambaya tara ce kan sati biyun da suka wuce, kowace daga 0 zuwa 3, jimla 27. Daga 5 zuwa 9 abin da sauƙi, 10 zuwa 14 matsakaici, 15 zuwa 19 ya fara tsanani, 20 zuwa sama mai tsanani. Na fargaba shi ne GAD-7, jimla 21, iyakokinsa 5, 10 da 15. Dukansu kyauta ne, akwai su da Faransanci. Amma ma'auni ba ya yanke hukunci. Amfaninsa babba shi ne a sake cika shi bayan sati biyu ko huɗu a ga ko ana gaba ko ana baya. Kuma in ɗalibi ya fi sakewa da Hausa ko Zabarmanci, kada kowa ya riƙa fassarawa da ka yadda ya ga dama. Ku zauna sau ɗaya ku tsayar da lafazi ɗaya ku rubuta, in ba haka ba jimlar Litinin da ta Alhamis ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Tambaya ta tara a PHQ-9 kan tunanin mutuwa ce. Ko jimla 4 ce, in wannan ba sifili ba ce, a tsaya a kanta. A tambaya kai tsaye, murya a kwance: "Ka taɓa tunanin kashe kanka? Ka shirya yadda za ka yi? Abin yana hannunka? Ka taɓa gwadawa?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, bincike ya sha nuna haka. Abin da ke rufe baki shi ne a yi saurin cewa "Subhanallah, haramun ne". Ya sani. Sanin ne ma ya hana shi faɗa wa kowa tun farko.

Rabon kashi uku ne. Wanda ke da shiri ko ya gwada kwanan nan, da wanda ke jin muryoyi ko ya rikice, asibiti yau, kuma ba a barinsa shi kaɗai ko na minti ɗaya. Wanda ya kai 15 zuwa sama a ma'auni, ko ya daina iya karatu da cin abinci, ya ga likita cikin satin, zama kuma ya ci gaba. Sauran, kuma su ne mafi yawa, zama ya ishe su.

Ga waɗannan ku ɗauki tsarin PM+ da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a 2016: zama biyar, sati-sati, kowane minti 90, an gina shi don wanda ba ƙwararre ba ya iya bayan horo da sa ido. Abu huɗu ne a ciki. Numfashi a hankali daga ciki, ƙirga uku a shaƙa, uku a fitar. Warware matsala: a jera su, a zaɓi ɗaya wadda ke da mafita, a fayyace ta, a kawo dabaru ko marasa kan gado, a zaɓa, a tsara rana da lokaci, a duba sati mai zuwa. Sai komawa ga ayyukan da aka bari kaɗan-kaɗan, sai ƙarfafa alaƙa da mutane. Inda ake kuskure shi ne fayyacewa. "Zan faɗi shekara" ba matsalar da ake warwarewa ba ce. "Darussa uku ban da takardunsu, jarrabawa saura kwana goma sha takwas", wannan ita ce ake kamawa.

Sikolog ɗinku kada ta wuce mutum biyar a yini, ta bar gurbi ɗaya fanko don na gaggawa.

Tsohon Majo:

Malama ta gama magana kan zama. Ni zan tsaya kan jiki, don a nan ake yin kuskuren da ke kashe mutum.

Duk ɗalibin da ya rikice farat ɗaya, jiya lafiya yau yana sambatu, bai san inda yake ba, majo ya fara sa masa ma'aunin zafi. Rikicewa da zazzaɓi masassarar cizon sauro ce da ta hau kai ko sanƙarau, har sai an tabbatar ba su ba ne. Wannan ɗakin gaggawa ake kai shi, ba wurin likitan ƙwaƙwalwa ba. Mai kasala da bugun zuciya, musamman ƴan mata, a duba jini. Ƙarancin jini yana kama da ciwon damuwa ƙwarai. Mai rama da gumi da rawar hannu a duba maƙoƙo. Gwajin masassara na yatsa da awon jini ba su da tsada, kuma suna rage masu layin sikolog.

Tramol. Na asibiti miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a wuce 400 a yini ko ga mai ciwo. Wanda ake sayarwa a tire akwai mai 120, 200, 225, har 250. Ƙwaya biyu ta 225 ta riga ta haura iyaka. Shi ya sa za ka ga saurayin da bai taɓa farfaɗiya ba ya faɗi yana jijjiga a tsakiyar jarrabawa, a ce iska ce. In ya faɗi a kwantar da shi a gefe, a kawar da benci, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa. In jijjigar ta wuce minti biyar ko ta dawo, asibiti. Wanda ya saba sha kullum ba a ce masa ya yanke yau. Zai yi ciwon gaɓoɓi, gumi, zawo, rashin barci, kwana biyu ya koma. Likita ke rage masa sannu a hankali. Kuma a tambayi kowa maganar tramol kafin a rubuta masa fluoxetine, wani maganin ciwon damuwa, don haɗuwarsu na iya jawo zazzaɓi mai zafi, rawar jiki da rikicewa.

Maganin ciwon damuwa likita ke rubutawa, amma majo da sikolog su ne ke sa a ci gaba da sha. Abin da za a gaya wa ɗalibi tun ranar farko: ba ya aiki nan take, sai sati biyu zuwa huɗu, wani har shida, tashin zuciya da ciwon kai na satin farko suna wucewa, in ya ji sauƙi kada ya ajiye, littafin mhGAP na OMS ya ce a ci gaba wata 9 zuwa 12 bayan warkewa. Wanda bai kai shekara 25 ba a gan shi kowane sati a watan farko, don tunanin kashe kai na iya ƙaruwa a farkon shan maganin. A kuma tambaya ko ya taɓa yin kwanaki ba barci ba gajiya, yana zuba surutu yana kashe kuɗi ba lissafi. In haka ne maganin damuwa shi kaɗai zai iya tayar masa da wancan. Amitriptyline, shi ma maganin ciwon damuwa, yana da araha kuma yana sa barci, amma yawansa guba ne ga zuciya. Mai tunanin mutuwa ba a ba shi na wata guda a hannu, na sati ake ba shi ko a ajiye wurin wani amintacce. Diazepam kuwa, kada majo ya mai da shi maganin barcin jarrabawa. Sabo yake sawa, kuma yana hana abin da aka karanta zama. Da azumi, mai sha sau ɗaya a yini ya mayar da shi sahur ko bayan shan ruwa, ba sai ya ajiye ba.

Turawa: a nan Yamai sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Ƙasa, wanda kowa ya sani da Pavillon E, shi ne wurin. Ku je tun yanzu, ba sai ranar da abu ya faru ba, ku san ranakun ganin likita, ku karɓi lambar mutum ɗaya. Ɗalibi da ya ji sunan wurin jikinsa ke mutuwa, don a gari an ɗauka na mahaukata ne. In ka miƙa masa takarda ka ce ya je, aljihu za ta ƙare. A haɗa shi da ɗan rakiya, a tanadi kuɗin taksi a ambulan a ɗakin, don daga Harobanda sai an ƙetare gada, kuma a kira shi washegari. Wanda ya taɓa gwada kashe kansa a riƙa tuntuɓarsa aƙalla kowane sati har wata biyu.

Malamin Harobanda:

Na gode, Malama, na gode, Baba Majo. Saura biyu. Iyaye fa? Da yawa daga ƙauye suke, in aka kira gida sai a zo a ɗauke yaro a kai shi wurin ruƙiyya, karatu ya tsaya. Sannan ba ku ce komai kan ɗaliban shida ba.

Ƴar Adar:

Malam, bari in amsa daga Tahoua, inda asibitin Yamai ke da nisan sama da kilomita 500, dole a iya da abin da ke kusa.

Ɗaliban shida aikinsu uku ne, irin wanda OMS ta tsara a taimakon farko na hankali: su lura, su saurara, su haɗa mutum da inda taimako yake. Ba sa cika ma'auni, ba sa ba da shawarar magani, ba sa riƙe sirrin mai maganar mutuwa ko ya rantsar da su. A koya musu jimla ɗaya: "Wannan ya fi ƙarfina ni kaɗai, zo mu je tare." Kada a zaɓi delege ko shugaban ƙungiyar ɗalibai, mutanen kirki ne, amma ba mai kai kukansa wurin wanda gobe za su yi rigimar zaɓe. A samu mata uku maza uku, masu Hausa da masu Zabarmanci, in da hali da mai Fulatanci ko Tamashek. Kada a buɗe musu rukunin WhatsApp da ake ambaton suna, hoton allo ɗaya ya isa ya rushe aikin shekara. Su zauna da sikolog awa ɗaya kowane sati biyu, su ma a sauke musu. Kuma wayarsu tana da lokacin rufewa. Mai sa-kai da ake kira ƙarfe uku na dare sati biyu a jere shi ne majinyacinku na gaba.

Inda na ɗan saba da Malama shi ne minti 90 na PM+. Ga sikolog mai kwana biyu, wannan mutum uku ne ko huɗu a yini. Ko dai a horar da majo da wani malami su ɗauki wani kashi ƙarƙashin kulawarta, ko a tara masu fargabar jarrabawa mutum shida zuwa takwas a zama ɗaya, maza daban mata daban, a bar zaman mutum ɗaya ga masu nauyi.

Kuma a duba kalanda. Layi ba ya zuwa daidai duk shekara. Yana cika a watan farko na sababbin ɗalibai, waɗanda ba su taɓa barin gida ba. Sati biyu kafin jarrabawa. Ranar da aka liƙa sakamako. Da lokacin da masu kammalawa ke fama da memwar, wato kundin kammala karatu. Ga Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, wuta ta ɗauke, mutum huɗu a ɗaki, barci ya gagara. Ku roƙi sikolog ta ƙara rana a waɗannan makonni ta rage a na sanyi. Maganar barci ma a ba da ita a ƙirge: lokacin tashi ɗaya kullum, shayi da kofi su ƙare kafin la'asar, don rabin abin da ke hana barci a cikinsu yana nan a jini bayan awa biyar. Wanda ya sha zagaye uku na shayi a fada ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ba ciwon rashin barci gare shi ba.

Wani abin kuma, kashi mai yawa na "damuwa" yunwa ce da kuɗi. Mai cin abinci sau ɗaya a yini saboda bursu bai fito ba, numfashi a hankali ba zai yi masa komai ba. A manna takarda ɗaya a cikin kabad: wa ake gani don tikitin resto, wa ake gani don ɗakin kwana, yadda ake bin dosiye a ANAB, hukumar da ke ba da bursu, wa ke sa hannu kan ɗage jarrabawa saboda rashin lafiya, kuma cikin kwana nawa ake kai takardar likita. Takardar da za ta je hukumar makaranta "rashin lafiya" kawai za ta ce, ba sunan ciwo. A kuma tanadi hanyar kai ƙara ga ɗalibar da wani mai iko da makinta ke matsa wa, hanyar da ba ta bi ta ofishin shi wanda ake ƙarar ba.

Iyaye: ba a kira sai da yardar ɗalibi, ban da inda rai ke cikin haɗari. Ko a nan, a tambaye shi wa ya fi so a kira. Sau da yawa ba uba zai ce ba. Yaya ne, ko kawu, ko inna da ke cikin gari. Shi za a fara da shi.

Sikolog a Yamai:

Na yarda da ke, ƴar'uwa, kan zaman taro, sai dai a tace kowa shi kaɗai tukuna. Mai tunanin mutuwa ko wadda aka ci wa zarafi ba a sa su cikin taro.

Kan ruƙiyya, Malam, kada ku buɗe gaba da ita, ba za ku ci ba, kuma ba a buƙata. In dangi suka ce sammu ne ko iska, ba sai an yi musu ba. A ce: a ci gaba da addu'a da tofi, amma sharaɗi uku, kada a ajiye magani, kada a ɗaure shi ko a doke shi ko a hana shi abinci, kuma ranar likita ba ta tashi. Ku nemi limamin masallacin makaranta tun farko ku yi masa bayani, haka ma mai kula da ɗalibai Kirista. Limami in ya ce neman magani ba raunin imani ba ne, maganarsa ta fi ta sikolog goma shiga kunnen uba.

Kafin duk wanda ya amsa e a tambaya ta tara ya fita daga ɗakin, ku rubuta takardar kariya tare, da hannunsa, rabin shafi: alamomin da ke nuna masa abin ya taso; abin da zai yi shi kaɗai ya lafa; inda zai je ya zauna cikin mutane; mutum biyu da zai gaya wa, da lambobinsu; lambar majo da ta asibiti; da abin da za a fitar daga ɗakinsa yau, ƙwayoyi da maganin ƙwari, da sunan wanda zai ajiye su. Ya ɗauki hotonta a wayarsa, kwafi ɗaya ya zauna a kabad. A sa masa rana cikin kwana uku, kuma in bai zo ba a kira shi a ranar, kada a jira sati ya zagayo.